Sakin da Na Koya wa Tsoho

Ni dai kaina bai taɓa cika ba tun ina saurayi, kuma ban ga alamar zai cika yanzu da haƙora suka gama zubewa ba. Karatun allo na tsaya daidai inda malam ya gaji da dukana. Bokon da nake wannan rubutu da shi kuwa na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma na shiga ne don inuwar wurin ta fi ta gona sanyi. Abu guda na ƙware a kai, sakin mace. Kafin gemuna ya haɗu da saje na saki uku, ta huɗu kuwa ita ta sallame ni, ta ce za ta rafi, har yau ko tulun ban gani ba. Mai irin wannan ilimi in ya ce zai buɗe makaranta, sai a yi wa ɗalibinsa jaje. Ɗalibi guda na taɓa yi, ƙanen kakana ne.

A Lakwaya muke, ƙasar Gwarzo, zamanin Turawa, shekarun da soja suka dawo daga yaƙi gyaɗa ta yi kuɗi. Kada in yi wa mutanen da ƙarya, su ma suna saki. Amma nasu sakin tafiyar hawainiya yake yi. A lokacinsu kowa a gandun ubansa yake noma, uba ke buɗe rumbu ya yi maka aure, saboda haka matar kusan ta gida ce, ba taka kai kaɗai ba. In ka ce ka gaji, sai uba ya tambaye ka da hatsin wa aka kawo ta. A kira baffa, a kira kawu, a aika wa waliyyinta, kafin a gama zirga-zirga fushi ya huce, ko damina ta faɗi kowa ya kama fartanya. Mu kuwa da muka taso, kowa yana da gayaunarsa ta gyaɗa, 'yar gonar da ba ruwan gandu da ita. Kaka ta yi, ka kai buhu kan sikeli, ka sayi keke, ka sayi atamfa, ka je ka ɗauko bazawara ba ka nemi ƙwayar dawa a hannun kowa ba. Wanda ya sayi akuya da guminsa ai ba ya neman izini kafin ya mai da ita kasuwa. Sai mu yi aure da kaka, mu ci amarci da rani, bazara in rumbu ya fara ƙara kamar ganga, a nemi laifi a cikin miya. Matan ma ba su zauna jiranmu ba. Wata tana cikin idda an riga an kai goron na gaba.

Ƙanen kakan nan nawa, Tsoho nake ce masa, matarsa kuma Iya. Ba wanda ya tuna bikinsu, an dai ce kafin Turawa su zo aka yi. Sun haihu, Allah ya karɓi abinsa duka tun suna ƙanana, suka rage su biyu da awaki a wani ɗan gida bayan masallaci. Kada ka zaci wani zaman daɗi suke yi. Shi kullum kununta ya yi ruwa, ita kullum tabarsa ta ɓata mata bango. Ba ta faɗin sunansa, sai dai "wancan mutumin". Amma bai taɓa cewa ta tafi ba, ita ma ba ta taɓa yin yaji ba, ga shi ba ɗa balle a ce don shi ake haƙuri. Mu samari abin har haushi yake ba mu, kamar ka ga mutum yana sa riga guda shekara da shekaru kuma ta ƙi yagewa.

Tsakanin jika da kaka ai wasa ne, kuma ƙanen kaka kaka ne. Ka faɗa masa abin da ka ga dama, ya faɗa maka, wanda ya yi fushi shi ya yi abin kunya. Iya "maigida" take ce mini tun ina rarrafe. Ni kuma in na gamu da Tsoho sai in ce ya ba ni matata, shi kuma ya ce in je in ɗauka ya gaji da ciyar da ita. Haka kowane jika yake yi da kakansa a garin nan, haka su ma suka yi da nasu kakannin.

A cikin wannan wasa ya fara cutata. Bayan na saki matata ta biyu, na ga wata bazawara a garin Jama'a, kuma wannan karon da gaske nake, ko dai haka nake ji a lokacin. Ubanta dattijo ne, ya zo bincike Lakwaya, aka kai shi wurin Tsoho. A gaban mutane, ina tsugune, ya tambayi halina. Tsoho ya shaƙi tabarsa ya ce, "Yaro ne mai kirki ƙwarai. Sai dai in za ku kawo ta, kada ku kwance mata kaya daga kan jaki, ku bar jakin ma a ƙofa." Wuri ya ɗauki dariya, har shi uban. Ya tafi da dariyarsa, ya ba da 'yarsa ga wani mai awon gyaɗa. Ni kuwa ba damar fushi. Na yi dariya tare da su, na haɗiye abina.

Ana nan sai ɗan mai unguwarmu ya dawo daga karatu a Kano. Yaro ne, na girme shi, amma ya zo da littattafai cikin akwati da rawani wanda ya fi kansa nauyi. Ba mugu ba ne. Ciwonsa guda, in ya san abu sai ya faɗa, ko ana jana'iza. Ni na fara ɗanɗana shi. Matata ta uku, wadda na saka, danginta suka zo kwasar kaya, na ga har da tasoshin da nake so, sai na ce ai da wasa na faɗa. Aka kira shi. Ya ce a littafi saki ba ya da wasa, wanda ya furta ya furta, ko yana dariya ko yana kuka. Na rasa mata, na rasa tasoshi, amma na tafi da wannan magana a aljihu. Ita ce kaɗai karatun da ya taɓa zama a kaina.

Ranar da na yi amfani da ita, ranar suna ce a gidan maƙwabcinmu. Da hantsi, an raɗa suna, an raba goro, maza sun cika ƙofar gida, wanzami yana wasa askarsa. Tsoho yana kan buzu kusa da tsohon limaminmu. Malamin Kano yana gefe, shi kaɗai a kan tabarma, don ba mai son zama kusa da shi. Na duba na ga kowa yana inda nake so.

Na ce, "Tsoho, an tashi lafiya? Ina matata?"

Ya ce, "Tana can tana ɓata mini dawa. Je ka ɗauke ta, ja'iri, ka huta da bin zawarawa suna korarka."

"Kullum ɗauke ta, ɗauke ta. Ana ɗaukar akuya tana ɗaure a turken wani? Kwance ta mana in ka isa."

Wanzami ya ce, "Rabu da Baba, bai iya ba. Wannan sana'ar 'yan zamani ce."

Tsoho ya gyara zama, ya ga wasa ya yi daɗi. Ya ce, "Gaskiya ban iya ba. Kai ne limamin wannan masallaci, ja mu. Yaya ake cewa?"

Na ce, "Cewa za ka yi, na saki matata."

Ya ɗaga murya yana kwaikwayon tawa, "Na saki matata."

"Saki nawa?"

"Ku nawa kuke yi?"

"Mu talakawa ɗaya-ɗaya muke yi. Manyan mutane uku suke yi."

"To ni na fi ƙarfin ɗaya. Uku na yi mata. In akwai gyara ma a ƙara mata."

Mutane suka faɗi da dariya, wani har goro ya shaƙe shi. Ni ban yi dariya ba tukuna, malam nake kallo. Ya tashi tsaye yana salati, ya zo ya durƙusa gaban Tsoho cikin ladabi. Ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Aurenka ya ƙare."

Aka ƙara wata dariyar, an zaci shi ma ya shigo wasan. Tsoho ya ce, "Kai ma kana so ne? Ku yi layi." Malam bai motsa ba. Ya maimaita abin da ya gaya mini ranar tasoshi, kalma ba ta canza ba, ya ƙara da cewa uku ne, ba kome, kuma duk wanda ke wurin nan shaida ne. A nan ne na saki tawa dariyar, ni kaɗai, har da buga cinya. Niyyata ke nan: Tsoho ya kwana da gudawa, gobe a ce an yafe, ni ma in samu abin faɗa a bakin kasuwa.

Tsohon liman ya ce, "Haba yaro. Wasan jika da kaka ne. Ubanka ya yi shi, kakanka ya yi shi. In haka ne ai ba sauran aure a garin nan."

Malam ya ce, "Su cewa suke a ɗauka. Shi furtawa ya yi, ya kuma ƙidaya. Ni ba ni na rubuta littafin ba, Baba liman."

Ka ga tsofaffi sun fara kallon juna, kowa yana lissafin abin da ya taɓa gaya wa jikansa. Daga ranar nan wasan ya mutu a Lakwaya. In yaro ya ce a ba shi matarsa, sai tsoho ya ɗaga sanda.

Da an bar maganar a hannun maza, da ta bi ruwa. Liman ya ce a rufe, mai unguwa ya ja kunnen ɗansa, ni ma da na ga fuskar Tsoho na je na ce ai ni na sa masa maganar a baki. Malam ya ce bakin dai nasa ne. Amma labari ya riga ya shiga cikin gida wurin mata, kuma Iya tana can tana tuƙa tuwon suna. Ta ajiye muciya, ta yafa zane, ta fito har ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta dubi mijinta ba. Liman ta duba.

Ta ce, "Malam, ni ƙafata guda tana kabari. Ka ce babu komai. To in an tambaye ni a can da wane aure na ƙarasa kwanana, kai za ka amsa?"

Liman ya ce ai Allah mai gafara ne.

Ta ce, "Na sani. Kai nake tambaya. Ka ɗauka a wuyanka?"

Liman ya dubi yaron, ya dubi littafin da ba ya wurin, ya ja carbi. Bai ce ya ɗauka ba. Iya ta koma ta ƙarasa tuwon mutane, don ba ta barin aiki rabi.

Ba ta sake kwana a gidan ba. Washegari ta zo da matan maƙwabta ta haɗa kayanta, kuma kayan shekaru masu yawan nan jaki guda bai cika ba: ƙoren abinci, tukunya, mazarin kaɗi, tabarma. Akwai farin sawaye guda biyu da ta kaɗa zarensu da hannunta ta kai masaƙa, likkafaninta da nasa. Ta ɗauki nata, ta ninke nasa ta ajiye a kan gado. Tsoho yana tsaye a tsakar gida yana ta faɗa, wai ta cika taurin kai, wai tun tana yarinya haka take, wai wa zai ba awaki dusa. Ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Gaya wa wancan mutumin dusa tana cikin randar baya." Ta bi jaki zuwa Masanawa ta ƙasar Kabo, gidan ɗan wanta, wanda rabonsa da ita tun yana yaro.

Gari ya samu abin dariya na shekara. Yara suna bin Tsoho suna cewa a ƙara gyara. Ni kuwa na zama tauraro. Ranar kasuwar Gwarzo har shayi ake saya mini in ba da labarin, ina kwaikwayon muryarsa, ina kwaikwayon salatin malam. Na iya bayarwa, ba yabon kai ba.

Da iddarta ta cika, Tsoho ya zo ɗakina, karo na farko a rayuwarsa. Ya rame, rigarsa ta yi dauɗa. Wani ya gaya masa akwai hanya: in wani ya aure ta ya saka, ta halatta gare shi, abin da ake kira kisan wuta. Ya rasa wanda zai amince wa, don yana tsoron a aura a ƙi saki. Sai ya tuna akwai mutum guda a duniya da ba a taɓa jin ya riƙe mace ba.

Ya ce, "Kai za ka yi. Ai dama matarka ce."

Na ɗora shi a bayan keke muka nufi Masanawa, yana riƙe da ƙuguna yana zagin ramuka. Ɗan wan nata ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Iya ta ƙi fitowa, ta tsaya bayan zana, ƙafafunta kawai muke gani. Na gaishe ta, ta amsa, ba "maigida" a ciki. Na yi bayanin abin da ya kawo mu, ina ƙoƙarin sa dariya a ciki don ya yi sauƙin haɗiya.

Ta ce, "Kai ɗin? Ni na yanke maka cibi. Ni na wanke ka ranar da ka ɓata wandonka a masallacin Idi. Wasa ya fitar da ni daga ɗakina, yanzu kuma wasa zai mai da ni? Allah ba abokin wasanku ba ne."

Tsoho ya ce, "Ke, saurara mana."

Ta ce wa ɗan wanta, "Gaya wa baƙon nan ba ya halatta ya ɗaga mini murya."

Da muka dawo na bi ta wurin malam ko zai tausasa, in aika mata da fatawa. Ya ce auren da aka ƙulla don a kwance shi ba aure ba ne, ko ta yarda bai halatta ta ba. Ƙofar da ya rufe ta gaba, ya zagaya ya rufe ta baya. Bayan shekara guda ya samu aiki a birni ya tafi, na ji an ce ya yi suna wajen gaskiya.

Sai muka ce bari mu yi wa Tsoho irin maganinmu. Ni da abokaina muka nemo masa bazawara, wata mai sayar da ƙosai. Ta zo ta ga ba rumbu, ba haƙori, ga kuma mutum yana gaya mata ba haka ake dama kunu ba. Kafin wata ya ƙare ta ce ya sallame ta. Ya sallame ta, saki ɗaya, ya koyi ƙidaya. Ta tafi da akuya. Ta biyu ta fi daɗewa kaɗan, ita ma ta tafi da akuya. Mutumin da ya kai tsufa bai san yadda ake faɗin kalmar ba, ga shi ya kusa kamo ni. Samari suka riƙa matsa masa wuri a majalisa suna cewa ga sabon ɗan ƙungiya. Yakan zauna kuwa, don gida ba kowa.

Ita Iya a can ba ta ji daɗi ba, kada a ce ta huta. Baki ce da aka ƙara a gidan da dawa ba ta isa. Suka sa ta a ɗakin ajiyar kaya, tana rainon yaran da ba su san matsayinta ba, tana surfe da hannun da ya gaji. Ba ta taɓa aiko da ƙorafi ba. Damina ta biyu ta kwanta, ba a gaya mana ba. Sai da aka binne ta wani mai jaki ya kawo labari, shi ma a cikin hira, yana zaton mun sani.

Na sake ɗora Tsoho a keke. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, ɗan wanta yana tsakiya yana karɓar gaisuwa. Tsoho ya nufi kusa da shi zai zauna, sai wani dattijon garin ya nuna masa gefe, wurin masu zuwa ta'aziyya. Ba da mugunta ba, bai san shi ba. Tsoho ya tsuguna cikin layi, da aka zo kansa ya miƙa hannu ya ce wa yaron nan, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta." Yaron ya ce, "Amin, Baba, mun gode da zuwa." Ba wanda ya ce wa Tsoho ya haƙuri. Aka ba shi goro guda, irin na baƙi. Ya tambayi inda kabarin yake, aka haɗa shi da wani ya nuna masa daga nesa, don an yi ruwa, hanyar ta caɓe.

A hanyar dawowa taya ta yi faci, muka sauka muna tafe a ƙasa, ina tura keke. Dawa ta yi tsawo hagu da dama. Sai na ga Tsoho ya wuce ni, yana sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, sandarsa ko ƙasa ba ta taɓawa sosai. Halina bai bar ni ba, na ce, "Tsoho, wata bazawarar ce ke jiranka?"

Ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya juyo. Ba fushi a fuskarsa, tambaya yake yi irin ta ɗalibi.

Ya ce, "Ka ga sauri nake in isa gida in gaya mata ko wace ce ta rasu, na manta ita ce. Kai da ka saba, yaushe wannan yake barin mutum?"